Barcin Iya a Bencin Asibiti

Akwai wata rana a wata damuna cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin da ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zai iya cinye ta. Ranar ce na san irin matar da Allah ya ba ni a matsayin uwar miji.

A lokacin muna zaune a wani ɗan ƙauye bayan garin Turawa. Gidajen masu bin Almasihu kaɗan ne, sauran dangi suna nan kan al'adar kakanni, maƙwabtanmu na cikin gari kuma Musulmi ne. Ni ina goyon ɗana na fari. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Iya, sai da furfura ta fito mata sannan ta karɓi bishara. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma iya tsararriyar addu'ar nan irin ta mai bishararmu ba. Ita dai in za ta yi addu'a, "Baba" take cewa, sai ta shiga ba Allah labari kamar yana zaune tare da ita a bakin murhu. Akuyarta ta ƙi kiwo, ta gaya masa. Gwiwa ta dame ta, ta gaya masa.

Ranar da nake magana, an kwana ana ruwa. Da hantsi maigidana ya tafi gonar gyaɗa cirar ciyawa, ba a jima ba sai ga shi an riƙo shi, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Kafin rana ta take, ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashinsa ya fara tsattsafo da jini. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da wannan ke nufi.

Baffansa, wato yayan marigayi mahaifinsa, ya shigo da baƙin zakara a hannu, ya ce a kai yaron gidansa a yi masa abin da iyaye suka saba yi. Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa taf da hawaye, don shi ya raine shi. Iya ta durƙusa ta yi masa godiya yadda ya kamata, sannan ta ce:

"Yaya, yaron nan na riga na miƙa shi ga Wani. Asibiti za mu. In za ka taimake mu, ara mana shanunka."

Sai tsohon ya saki zakaran, ya je ya ɗaura shanu a amalanke, shi da kansa ya kora mu.

Da muka iso rafin da ya raba mu da hanyar mota, sai muka tarar ya cika ya batse. Ruwa jawur, yana gudu da rassan itace. Shanu suka toge. Baffa ya duba sama da ƙasa, ya ce babu amalanken da zai ƙetare nan sai ruwa ya janye, wataƙila gobe. Na dubi maigidana kwance, leɓensa ya bushe, ya daina ko nishi mai ƙarfi. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

Iya kuwa saukowa ta yi, ta durƙusa a cikin taɓo, ta ɗaga murya yadda ta saba:

"Baba, ka ga dai inda muka tsaya. Ruwan nan naka ne, yaron nan ma naka ne, aro ka ba ni. Ni tsohuwa ce, ban san dabara ba. Ina son ɗana, Baba, kada ka karɓe shi yanzu. Amma kai ka fi ni sani. Na gama, cikin sunan Yesu."

Ta miƙe ta matse bakin zaninta, ta ce in share hawaye in ba yaro nono, kukansa ya yi yawa.

Ba zan ce muku ruwa ya tsage ba, ko kaɗan bai ragu ba. Abin da ya faru shi ne, a wancan tsallaken akwai motar wani Alhaji ɗan kasuwar Rogo, mai sayen hatsi. Ƙauyenmu ya nufo tun safe, ruwa ya tare shi, shi da leburorinsa suka fake bayan wasu itatuwa suna jira. Kukana ne ya fito da su. Alhaji ya ƙwalo murya yana tambayar lafiya, Baffa ya gaya masa. Nan take ya turo mutanensa, ɗaya daga cikinsu masunci ne, ya san inda rafin ba shi da zurfi. Suka cire katakon amalanken, suka kwantar da maigidana a kai, suka ɗaga shi sama, ruwa har ƙirjinsu. Suka dawo suka goyi Iya, suka riƙe ni, ɗana a wuyan ɗayansu. Alhaji ya shimfiɗa buhunan da ya zo da su, ya fasa cinikinsa, ya sa aka juya mota zuwa Ƙaraye.

A asibiti aka shige da shi, aka yi masa allura, aka ɗaura masa ruwa. Ma'aikaciyar da ta fito ta ce sun yi nasu, amma ba za ta yi mana alkawari ba, mu jira. Na yi ta safa da marwa a baranda, na leƙa taga, na dawo. Wajen la'asar na juyo in yi wa Iya magana, sai na gan ta miƙe a kan benci, ta yi matashi da ɗankwalinta, tana barci har da minshari. Raina ya ɓaci, na tashe ta na ce, "Iya, ɗanki yana tsakanin rai da mutuwa, kina barci?"

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "'Yata, ba a gabanki na gaya wa Baba ba? To yaron da ya kai wa babansa kuka, zama yake yi yana gadinsa ko zai manta?" Ta gyara kwanciya.

Washegari jinin ya tsaya. Bayan kamar mako aka sallame mu, ya ɗan jima yana ɗingishi, ya warke sarai. Kafin mu tafi Alhaji ya zo dubiya. Bayan doguwar gaisuwa, ya ce ya hango tsohuwa durƙushe a taɓo, yana so ya san me ta faɗa. Da na maimaita masa, sai ya ce wa Iya don Allah ta riƙa sa shi a cikin addu'arta. Daga nan duk ranar da na shiga kasuwar Rogo, in ya hango ni sai ya nuna wa abokan cinikinsa ya ce ga surukar tsohuwar da yake ba su labari. Ni kuwa sai in ji kaina ya yi girma, har yau kuma ba ni da abin tinƙaho da ya wuce wannan.

Yanzu na kai shekarunta, ni ma ina da surukai. Abin da ranar ta koya mini shi ne, addu'a ba iya magana ba ce, sanin ko kai ɗan wane ne. In ka sauke kayanka a gaban Ubanka, to ka tafi ka bar su a nan, kada ka ce amin kuma ka sake ɗora su a ka.