Safiya da Kalmar Sirrin Lukuman

Safiya 'yar Kwatarkwashi ce, ɗiyar wani mai sayar da irin shuka. Ita ce ta farko a gidansu da ta koyi kwamfuta. Shekara huɗu ta yi tana aiki da wata ƙaramar ƙungiya a Gusau, mai rajistar mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka domin a raba musu abinci. Ma'aikata kan ɗauki sunaye a waya a Tsafe da Bungudu, sai wata manhaja ta kwaso su ta zuba a rumbun bayanai. Abokin aikinta Lukuman ne ya haɗa manhajar da rumbun, ita kuwa duba sunaye ne aikinta.

Wata Talata 'yan bindiga suka tare motar da Lukuman ya shigo daga Tsafe, suka shige daji da fasinjoji, har da shi da kwamfutarsa wadda manhajar ke ciki.

Kwana tara bayan haka, shugaban ƙungiyar, Malam Lawwali, ya tsaya a kanta. "Safiya, mutanen ƙauyen Wanke sun iso, sunayensu na maƙale a wayoyi. In ba su shiga rumbu ba, babu su a rabon Asabar."

Ta saka manhajar a tata kwamfutar. Sai ta tarar da gurabe biyar da za ta cike kafin manhajar ta haɗu da rumbun: adireshinsa, lambar ƙofar shiga, sunan rumbun, sunan mai shiga, da kalmar sirri. Huɗu ta tono su daga tsofaffin saƙonni. Ta biyar Lukuman ya canza kwanan nan bai faɗa wa kowa ba. Ta gwada duk abin da ya zo mata, jan rubutu yana fito mata cewa an ƙi. Aka yi mata gargaɗi cewa saura gwaji biyu a kulle.

Washegari ta hau mota zuwa Bungudu, gidan Lukuman. Matarsa Nana Khadija ta tashi da sauri da ta gan ta.

"An ji wani abu?"

"A'a," in ji Safiya. Ta yi jaje, sannan ta ce, "Littafin da yake rubutun aiki nake nema."

Nana Khadija ta dube ta. "Ashe aiki ya kawo ki."

Ta shiga ɗaki ta fito da littafin, ta ajiye a tabarma, ba ta miƙa mata a hannu ba.

A shafi na ƙarshe Safiya ta ga kalmar, da kwanan wata a gefenta. Da ta koma ofis ta rubuta a hankali, ta danna gwaji. Koren rubutu ya fito. Sunaye ɗari biyu da sha ɗaya suka shige, mutanen Wanke suka karɓi rabonsu.

Malam Lawwali ya ce ta buɗe shiga da sunanta, ta rufe ta Lukuman, tunda kwamfutarsa na hannun da ba a sani ba. Ta san gaskiya ya faɗa. Ta buɗe tata, ta canza kalmar tasa, amma ta kasa goge sunansa.

Yau wata biyu ke nan, babu labarin Lukuman. Sau biyu ta kira Nana Khadija, ba a ɗauka ba.