Irin Dawa a Rumbun Goggo

Shekarun baya can, bayan ƙuri'ar da aka kaɗa kan ko mu bi Najeriya ko Kamaru, mahaifiyata tana toya ƙosai a bakin kasuwar Mubi. Masinjan wani ofis ne ke kawo mata tsofaffin takardu na ƙunshe ƙosai, ni kuma aikina in yayyaga su. Lokacin ban daɗe da iya karatun boko ba, don haka ba na yaga takarda sai na karanta ta. Inna takan ce, "An ce ki yaga, kin zama akawu."

Wata safiya na ci karo da wata 'yar takarda da aka rubuta da fensir, layukan sun karkace kamar kunyoyin sabon manomi. Ga abin da ke ciki: "Idan iyaka ta raba mu, kada ki jira ni. Na bar miki irin dawa a rumbun goggo. Ki shuka ko ban zo ba." Babu suna, babu gari.

Shi ke nan, hankalina ya bar jikina. Ina tsaye gaban kasko, amma ina can kan duwatsun Sahuda na bakin iyaka tare da mutumin da ya rubuta ta. Na ba shi tsawo, na ba shi wushirya, har keke na saya masa a raina. Ita kuwa kullum ina ganinta a bakin mayo, wato kogi, tana duban hanya. Abin da ya fi damuna, tunda takardar tana hannuna, ai ba ta kai gare ta ba. Ga hadari ya fara haɗuwa.

Ranar kasuwa na dinga tare matan da ke saukowa daga dutse. "Mama, akwai wadda mijinta ya tafi ya bar mata iri?"

Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya. "Yarinya, namiji kam yana tafiya, amma iri ba ya bari."

Ranar da ruwan farko ya sauka, Inna ta same ni ina hawaye, ƙosai na ƙonewa. Ta ce, "Karanta mini."

Na karanta.

Ta ce, "Wataƙila ya zo da kansa, shi ya sa aka yar da takardar."

"In bai zo ba fa, Inna?"

Washegari ta ɗebo dawa a ƙoƙo, ta miƙo mini fartanya, muka shuka a bayan gida. Da kaka ta dama kunun dawar cike da ƙwarya, ta aza mini a kai, ta ce in kai tasha sadaka.

"Duk wanda ya miƙo hannu ki ba shi. Ba ki san mai sha ba."

Har yau ban san ko su waye ba, kuma na daina so in sani. Amma idan na tuna yinin nan sai in ji wani sanyi a raina. Na tsaya ina leƙen fuskar kowane matafiyi, kowa ya sha ya yi godiya ya wuce, kuma babu wanda bai yi mini kama da shi ba.