Tamfol ɗin da abokina ya rufa wa mukayyif

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shago a unguwar Ulaisha ina sayar da mukayyif na hannu, wato esi, wani abu ya shiga tsakanina da wani abokina. Har yau idan sanyi ya fara shigowa Riyad sai ya faɗo mini a rai.

Sana'ata ba ta da allo, ba ta da talla. Bahaushe ya saya ya ji daɗi, ya faɗa wa ɗan'uwansa a ƙofar masallaci, shi ke nan. Sunana shi ne jarina.

Abokin nan direba ne, mutumin Maraɗi. Ɗaki ɗaya muka zauna farkon zuwana. Da iyalinsa ta iso ya kama gida a unguwar Jaradiya, na zaɓar masa mukayyif mafi kyau a shagon, irin wanda ake kira har-barid: da zafi ya sanyaya ɗaki, da sanyi ya ɗumama shi. Ni na ɗaura masa da hannuna.

Al'adata ce duk ƙarshen Oktoba in zagaya waɗanda na sayar wa irinsa. In wanke filta, in hure ƙurar injin waje, in juya rimot zuwa zafi, in tsaya har sai na ji ɗumi a tafin hannuna. A shekarar sai na samu aikin wani bene a unguwar Shifa, ido ya rufe. Sau biyu yana kirana.

"Alhaji, yaushe za ka leƙo?"

"Bukra in sha Allahu."

Ni da nake zagin Larabawa a kan bukra, wato gobensu da ba ta zuwa, ashe na fi su iyawa.

Sanyi ya sauka a Disamba, irin wanda ke shiga ƙashi. Wata Juma'a bayan salla na je inda muke taruwa shan shayi, sai na ga gaisuwar ta yi gajarta. Wani da ya ce in ajiye masa guda uku ya ce ya fasa, bai ko dube ni ba. Wani dattijo da muke girmamawa ya jawo ni gefe.

"Kai kuwa, har ɗan'uwanka? Mace da jego, jariri yana tari, ka ba su mataccen inji?"

Ashe abokina ya riga ni zuwa. Ya ce da suka kunna zafi abin ya yi gurnani na 'yan kwanaki, ya mutu. Bai kira ni ba. Majalisa ya kai ƙara.

Washegari da safe na ɗauki kayan aiki na tafi Jaradiya. Injin cikin ɗaki lafiyarsa ƙalau. Na ce mu hau sama. Muna hawa na tsaya cak. Injin waje an naɗe shi da shuɗin tamfol, an ɗaure da igiya tamau, har da bulo biyu a kai kada iska ta ɗaga.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni mana. Dubi, duk layin nan kowa ya rufe nasa saboda ƙura."

Gaskiya ne. Duk rufin da ka duba, tamfol ne da leda. Haka mutanen garin ke yi idan zafi ya wuce.

"Malam, nasu na sanyi ne kawai, sun gama aiki sai baɗi. Naka yanzu zai fara. Daga iskar waje yake jawo ɗumin da yake ba ku. Ka toshe masa hanci ka ce ya yi gudu, ba dole kwamfireso, zuciyar injin, ya ƙone ba?"

Ya kalli igiyar. Can ya ce, "Ai ba ka faɗa mini ba."

Wannan ta same ni, don gaskiya ce. Da na zo a Oktoba da magana ɗaya ta isa. Ban ja ba. A ranar na canza kwamfireson, ban sauka ba sai da matarsa ta ce daga ciki, "Alhaji, ɗumi ya zo, Allah ya saka."

A bakin ƙofa na roƙe shi abu ɗaya. Na ce ranar Juma'a ya faɗa wa mutane abin da muka tarar a sama. Na ce ya haɗa da nawa laifin, ban damu ba. Ya ce, "Halas, an gama."

Juma'a ta zo. Dattijon nan ya tambaye shi, "Ya maganar mukayyif?"

"Alhamdu lillahi, ya zo ya canza."

Ya kai kofi baki. Na jira. Bai ƙara ko kalma ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "To madalla. A riƙa jin tsoron Allah tun farko." Kowa ya gyaɗa kai. A idonsu an kama ni ne na mayar.

Da aka watse na tare shi.

"Haka muka yi da kai?"

"Haba Alhaji, yayun matata suna wurin. In ce ni na shaƙe injin da hannuna? Har Maraɗi sai an yi mini dariya. Kai ai ɗan kasuwa ne, zai wuce."

Da na so, da na faɗa da bakina. Amma wa zai yarda da mai kaya a kan kayansa? Sai da na yi sanyi biyu ina sayar wa 'yan Sudan da 'yan Bangaladesh kafin 'yan'uwana su fara dawowa, wasu kuma har na bar shagon ban sake ganinsu ba.

Na ɗauki darasina: abin da na sani game da inji, ina faɗa wa mai saye tun bai bar shago ba, ko da ya ce ya sani. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne awon da abokina ya yi. Ya ɗora dariyar yini ɗaya a gefe, ya ɗora abincina a gefe, ya ga dariyar ta fi nauyi.

Muna gaisawa har yanzu. Ɗan nasa ya girma, yana kirana Baba.