Mutuwar da ta fito daga wayar Balki

Ina zaune a zaure bayan azahar, sai kuka ya tashi cikin gida. Kafin in lalubo takalmina, maƙwabciyarmu Hajo ta wuce ni a guje, ko mayafi babu. Ɗanta Garba ya tafi kasuwar Bafarawa bisa babur tun da safe, ita ko ta san irin labarin da ke kawo kuka a garin ga.

Na iske ta tsaye a kan jikata Balki, wadda ke rungume da waya.

"Ke ɗiyar ga, mi anka ce? Garba ne?"

"A'a Inna, littafi ne, na ukku, na ƙarshe. Shekara biyu ina bin yaron da ke hawan iska, yau marubuciyar ta kashe shi."

Hajo ta zauna bisa turmi tana maida numfashi. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta ce, "Uwarshi ta samu gawa?"

"Ta samu, Inna, har an rufe shi."

"To share hawaye. Ai an yi mata gata."

Balki ta ɗebo mata ruwa, sunka zauna tare har Garba ya dawo gab da magariba. Taya ce ta yi mai faci.

Mu da anka rena da tatsuniya, ba mu taɓa zaman makokin na cikinta ba. Ku masu karatu, haka ƙarshen ya yi muku, ko jikata ce ke da arhar hawaye?