Baba Daidai Ya Gyara Dutse

Baba Daidai magini ne, kuma a ƙauyen da ke gindin dutsen babu wanda zai ce maka bangon da ya gina ya taɓa tsagewa. Shekara arba'in da 'yan kai yana ɗora bulo a kan bulo, da igiyarsa, da cokalin gininsa, da ma'aunin nan nasa mai ɗigon ruwa a tsakiya, wanda yake gogewa da gefen riga fiye da yadda yake goge fuskarsa. Sunan ma a bakinsa aka tsinto shi. Komai ya gani sai ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Bai yi daidai ba." Ya taɓa zuwa duba surukinsa da ke kwance ba lafiya, ya ƙare ziyarar yana nuna wa mutanen gidan cewa tagar ɗakin ta karkace. Surukin ya warke, amma bai yafe ba.

Abu ɗaya ne ya tsira daga wannan ido, shi ne dutsen, shi ma don Baba ya daina hawansa tun yana saurayi.

Ba wani babban dutse ba ne, mai lafiyar gwiwa zai hau shi cikin rabin sa'a. Baƙi ne mai faɗin baya, gansakuka ta yi masa dabbare-dabbare, wani ɓaure ya tsaga shi ya fito ta gefen gabas. Birai sukan sauko su yi wa gonaki ɓarna, su koma sama su zauna suna kallon mai gonar yana zage-zage. Kusa da ƙololuwa akwai kogo, jemagu suka mallake shi. A ƙasa kuwa, ƙarƙashin ɓauren, marmaro ne da ba ya ƙafewa ko rani ya kai rani. Daga nan rabin ƙauyen suke sha, gidan Baba ne ma ya fi kowane kusa da shi.

Mutane sun taɓa zama a can sama. A zamanin da ake kai hari ana kwashe mutane, kakannin ƙauyen suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka hau, suka jera duwatsu suka yi katanga ba laka ba komai, suka zauna suna haihuwa suna mutuwa. Da duniya ta lafa suka sauko, domin babu mai son hawa dutse da tulu a ka in ba dole ba. A can saman aka haifi kakar Baba. Ita ce ta riƙe hannunsa yana ɗan shekara bakwai ta kai shi, ta nuna masa ramukan da niƙan mata ya lotsa a jikin dutsen. Ta durƙusa ta sa tafinta a cikin ɗaya, ta ce wannan na uwarta ne, ta kama nasa tafin ta sa a ciki. Ta nuna masa shanun da aka zana da jar ƙasa a bangon kogon, ta ce ko kakanninta ma tarar da su suka yi. Baba ya so tsohuwar nan so na gaske, kuma a yi masa adalci, duk abin da ya aikata daga baya saboda ita ya aikata.

Wata shekara bayan girbi sai ga motoci biyu sun tsaya a gindin dutsen. Wasu mutane masu hular kwano suka fito suna aune-aune suna kafa tutoci. Kafin la'asar labari ya zagaye ƙauyen: kamfanin fasa dutse ne, za a ba su dutsen su mayar da shi tsakuwar titi.

Malamin makarantar ƙauyen ne ya yi ta maza. Ya hau ya ɗauki hotuna, ya rubuta takarda zuwa ofishin kula da kayan tarihi. Abin mamaki, aka amsa. Za a turo jami'a nan da mako shida. In ta tabbatar wurin tsoho ne, za a yi masa rajista, ba mai taɓa shi. In ba ta tabbatar ba, kamfani ya ci gaba da aikinsa.

"Baba, kai ka fi kowa sanin wurin nan," in ji malamin. "Kai za ka zagaya da ita."

Ya faɗi haka, ya ɗaure jakarsa ya tafi hutu garinsu. Har gobe yana cizon yatsa a kan wannan tafiya.

Washegari da sassafe Baba ya hau, yana haki yana hutawa. Da ya kai sama ya tsaya ya duba. Katangar ta yi ciki a nan, ta zube a can, babu dutse biyu da ke kan layi ɗaya. Rufin kogon baƙi ƙirin da hayaƙi, ƙasansa cike da kashin jemage. Ko'ina tsingaron fasassun tukwane, kamar ba a taɓa haihuwar mai shara a dangin ba. Ramukan niƙan wani dogo, wani gajere, wani ya karkace. Shanun sun koɗe, ɗaya ma ƙafarta uku.

Kunya ta rufe shi. Baƙuwa za ta taso tun daga birni ta ga wannan? Ta koma ta ce kakanninsa ƙazamai ne, ba su iya gini ba, ba su ma san ƙafar saniya nawa ba ce? Ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya faɗi abin da ya saba faɗa, jemagu kaɗai suka ji.

A bayan ɗakinsa akwai buhunan siminti da ya ajiye don gyaran madafar matarsa. Tana tankaɗe ta ga yana ɗora su a kan jaki.

"Malam, ina za ka da simintin madafata?"

"Aikin gari ne."

"Damina uku ina girki ruwa na ɗiga mini a ƙeya, kai kuma dutse ne ya fi ba ka tausayi? Shi ya ce maka yana yoyo?"

"Ke ba ki san tarihi ba."

"Na dai san tarihin simintin nan. Kuma ka bar wa mutane kayansu yadda suka bar shi."

Bai ko waiga ba. Mako shida cur yana aiki ba ji ba gani, shi da jakin. Ya rushe katangar kaf, ya ja igiya, ya sake ɗora ta da siminti, ya shafe ta sumul. Ya kori jemagun da hayaƙin tsumma, ya kankare rufin kogon da burushin ƙarfe, ya shafa farar ƙasa hannu biyu. Ya share tsingaron ya tara, kuma da yake shi ba mai almubazzaranci ba ne, ya zuba shi a matsayin ciko a ƙarƙashin matakalar da ya gina don kada baƙuwa ta zame. Ramukan niƙan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da guduma da ƙarfen sassaƙa, ya mayar da su faɗi ɗaya, zurfi ɗaya. Shanun kuwa ya saya musu jan fenti mai sheƙi, ya biya wa mai ƙafa ukun bukatarta.

Mutanen ƙauyen suna ganin wucewarsa suna yi masa sannu da ƙoƙari. Babu wanda ya hau ya duba, ai hawan da wuya.

Jami'ar ta iso ranar da aka ce. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da takalmin hawa dutse, da kyamara a wuya, da wani ɗan burushi mai laushi a aljihu. Ta gaishe shi da ladabi, tana ce masa Baba. Shi kuwa ya sha wankakkiyar riga, baki har kunne, yana gaba tana biye. Malamin makaranta, wanda ya dawo a daren jiya, yana bayansu.

Tun a matakalar ta rage sauri. Da suka kai katangar ta tsaya cak. Ta fito da hotunan da aka aika mata, ta duba su, ta duba katangar, ta sake duba su.

"Ko ba nan ne wurin ba?"

"Nan ne, 'yata," in ji Baba. "An dai ɗan kimtsa shi."

Malamin makaranta ya ɗora hannu biyu a ka. Ita kuwa ta shiga kogon, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon farin rufin.

"Baba, hayaƙin da ke nan fa?"

"Kwana tara na yi ina kankarewa. Ya kama sosai."

"Shi za mu ɗiba mu kai a auna, a san shekarun wutar da aka hura a nan." Muryarta ta yi ƙasa. "Tsingaron tukwanen fa?"

"Kin taka su kin wuce. Suna cikin matakala."

Ta juya ga shanun, suna ta ƙyalli kamar ƙofar sabon shago. Ta ɗaga hoto ta ƙirga ƙafafu, ta ƙirga na bango. Sai ta nemi wuri ta zauna a ƙasa, duk da Baba ya gina mata dakali.

"Baba, don Allah ka tuna da kyau. Ko rami ɗaya ka bari yadda yake? Ɗaya tak ya ishe ni in rubuta wani abu."

A nan ne fara'arsa ta soma dusashewa, amma bai gama ganewa ba. Ya kai ta bayan katangar, inda ramin nan yake shi kaɗai.

"Wannan na uwar kakata ne," ya ce. "Shi na fi ɓata wa lokaci."

Gaskiya ya faɗa. Sauran sassaƙa su kawai ya yi, wannan kuwa har siminti ya shafa masa a ciki, ya goge da bayan cokali, ya yi masa baki zagayayye. Ya durƙusa don ya nuna mata yadda tsohuwar ta yi, ya sa tafinsa a ciki. A da akwai wani lotsi a gefen dama inda babban yatsa yake kwanciya da kansa. Ya lalube shi, ya sake lalubawa. Babu komai sai santsin aikinsa. Ya daɗe a durƙushe, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya ji tsoron hannunsa.

"Abin da na gani zan rubuta, Baba," in ji jami'ar. "Ban ga abin da ya kai wata biyu da yi ba."

Kamfanin ya shigo kafin damina. Nakiyar farko ta kori birai, ba a sake ganinsu ba, manoma suka yi murna ta kwana biyu. Ɓauren ya tafi a wata na uku. Marmaron ya fara gurɓacewa, ya koma ɗiga, rani na biyu ya ƙafe ƙaf. Yanzu sai a je famfon ƙauyen gaba, tafiyar sa'a guda.

Amma akwai abu ɗaya. Da katafila ta isa katangar Baba, ta yi ta tura ta ƙi motsi. Kwana uku aka yi ana fama da ita, har haƙorin katafilar ya karye, har shugaban aikin ya sauko yana tambayar wane ne ya gina ta. Wannan labari shi ne abin da ya rage wa Baba, kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gidansa, ko da tambayar hanya ya zo yi, sai ya ji shi.

Ran nan ya tare wani mai sayar da bokitai yana ba shi labarin. Ya kai daidai wurin haƙorin katafila sai matarsa ta turo baro daga cikin gida, jarkoki huɗu a ciki, ta ajiye a gabansa.

"In ka gama karya haƙorin, Malam, babu ko ɗigon ruwa a randa."

Ya kama baron. Ta biyo shi da nata bokitin. Sabon titin ya bi ta gindin dutsen, shimfiɗe da tsakuwarsa, baron yana tafiya a kai sumul. Da suka zo inda ɓauren yake a da, sai ya tsaya. Rabin dutsen ya tafi, abin da ya saura ya yi fari fat, gefe ɗaya a sama, gefe ɗaya a zaftare. Ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya.

"Faɗi mana," in ji matarsa. "Ina jinka."

Ya buɗe idon, ya gyara riƙon baron, ya ci gaba da turawa.