Ba Murnar Ƙwallo Ce Ta Kashe Mijina Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, kuma har yau idan ɗan sanyin Jidda ya fara shigowa, masu gahawa suka jera kujeru gaban talabijin, sai abinci ya fita raina. Ban iya riƙe alƙalami ba. Faɗa nake yi, maƙwabciyata Malama Rabi, mutuniyar Maraɗi, tana rubutawa, kuma na haɗa ta da Allah kada ta zuba wa maganata zuma.

Mutanen unguwarmu, Madain Fahad, sun san shi da Abu Yasir, wato Baban Yasir. A nan aka haife shi, ɗan wani alhaji ne da ya taso daga ƙasar Katsina bai koma ba. Walda ce sana'arsa, a wani shago can unguwar Khumra, yana ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe. Ba ya shan taba, ba ya yawon banza. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya zauna: wata ƙungiyar ƙwallo ta Turai, masu jar riga. Sunanta bai taɓa zama a bakina ba, kuma yanzu ba na so ya zauna. Bai taɓa taka ƙasarsu ba, ba su san an halicce shi ba, amma idan aka cinye su sai ya kwana bai ci tuwo ba.

Shi ya koya mini ɗan abin da na sani. Yakan jera ƙwallayen dabino huɗu a kan tabarma ya ce, "Kin ga waɗannan, rukuni ɗaya ne. Biyu za su wuce, biyu su faɗi. Wanda ya wuce ya shiga sili ɗaya ƙwale, can kuma ba a yi wa kowa uzuri." In ce masa to ni ina ruwana, ya yi dariya ya kwashe abinsa.

Muna zaune a ƙasan wani bene. Saman na Alhaji Sale ne, amininsa tun suna yara, wanda ya kafa talabijin a saman soro kusa da tankin ruwa. Nan maza suke taruwa duk daren wasa, har da ɗanmu Yasir. Mace ba ta hawa. Akwai ƙofar ƙarfe a ƙarshen matakala, mijina ne ma ya ƙera ta da hannunsa.

Sai suka tsiri wani camfi. Wata rana ana cin su, mijina ya tashi ya sauko shan ruwa, kafin ya koma sun rama. Aka sake yin haka, aka kuma. Daga nan ta zauna: idon Abu Yasir ne ke hana su ci. Duk lokacin da wasa ya yi tsami sai su ce, "Yalla Abu Yasir, tashi ka ba mu wuri!" Shi kuwa ya tashi yana murmushi, yana jin shi ma ya buga nasa. Idan ƙwallo ta shiga bayan tashinsa, dokar ita ce kowa ya daskare a inda yake, ba mai canja zama, ba mai kiran sunansa, sai alƙalin wasa ya tashi wasan. Manyan mutane masu gemu, masu sallah a sahun gaba.

Ni ban ƙi camfin ba a lokacin, don ni yake kawo wa riba. Idan suka kore shi wurina yake saukowa, ya zauna a bakin ƙofa da carbi, in zuba masa shayi da na'ana'a, mu kasa kunne tare muna jiran ihu daga sama. Rabona ke nan daga ƙwallon Turai.

Daren da nake magana a kai, wasan ƙarshe ne na rukuni. Ya gaya mini tun safe cewa canjaras ba zai fisshe su ba, sai sun ci. Ya dawo daga Khumra yana murza kafaɗarsa ta hagu, ya ce ƙarfen da ya ɗaga ne. Bayan isha'i ya hau. Da aka dawo hutun rabin lokaci na ji muryoyinsu ta matakala suna korarsa kamar yadda suka saba, sai na ɗora ruwan shayi. Jim kaɗan soron ya ɗauki ihu, masu jar riga sun jefa ƙwallo. Ruwa ya tafasa, na sauke. Shayi ya huce. Bai sauko ba.

Na yafa mayafi na hau, abin da ban taɓa yi ba, na ƙwanƙwasa ƙofar. Alhaji Sale ya amsa daga inda yake zaune.

"Wane ne?"

"Ni ce, Alhaji. Maigidan bai sauko ba."

"Yana nan bayan tanki, Hajiya. Yau can sa'ar take. Wallahi yana zagayawa muka jefa!"

"A duba mini shi. Tun magariba yake riƙe da kafaɗa."

"Ciwon ƙwallo ne, dukanmu muna da shi." Suka kwashe da dariya. "Sabur, Hajiya, yi haƙuri, saura kaɗan. Yau mijinki ya fi mai tsaron gida aiki."

Na kira Yasir. Na ji motsin kujera, sannan na ji Alhaji ya ce, "Zauna ya walad, kai yaro! Kana so ka rusa mu?" Kujerar ta yi shiru. Na tura ƙofar, a sakace take ta ciki. Na tsaya nan ina jin wani Balarabe yana ta zuba surutu a talabijin, har aka tashi, har suka gama tsalle da rungumar juna. Sai a lokacin suka zagaya bayan tanki su ɗauko shi a kafaɗa don murna. Suka same shi zaune ya jingina da bango, hularsa a ƙasa, jikinsa ya fara sanyi.

Daga baya na ji yadda aka yi daga bakin Yasir, sau ɗaya tak, yana kuka. Da suka ce ya tashi, ya ce musu ƙirjinsa ya yi nauyi, ba zai iya matakala ba, bari ya ɗan zauna nan baya. Ba wanda ya waiwaya. Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce, kuma ya jima da cikawa. Na tambaye shi ko da an kawo shi da wuri, ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ne masani.

Ni Musulma ce. Na san ajali ba ya jinkiri, ko a gadon asibiti yake sai ya tafi idan lokacin ya yi. Ban taɓa jayayya da wannan ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wanda ya biyo baya.

Aka jera kujeru a titi, aka rataya fitilu, aka yi zaman makoki na kwana uku yadda ake yi a nan. A rana ta farko Alhaji Sale ya fara gaya wa masu gaisuwa cewa farin ciki ne ya ɗauke shi, wai yana jin an tashi wasa ya yi kabbara ya faɗi. Labarin ya yi wa kowa daɗi. Ya wanke duk wanda yake saman soron, ya kuma ba masu zuwa abin murmushi a gidan mutuwa. Ina cikin takaba, ba ni da bakin magana a titi. Kafin in fita, an riga an raɗa masa suna: Shahidin Ƙwallo. Mutumin da ya ciyar da gida da tartsatsin wuta a fuskarsa, ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya yi jinyar uwarsa har ta cika a hannunsa, shi aka mayar abin ba da dariya a gahawa. Ƙungiyar kuwa, ana shiga zagaye na gaba aka yi waje da ita.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan kam na ga tsawonsa ya kai shekara tara. Bara jikana ɗan wajen Yasir ya dawo daga makaranta yana murna, yana haɗa Hausa da Larabci, wai abokansa sun ce kakansa ne wanda ya mutu don daɗin an ci ƙwallo. Na dubi ubansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ummi, halas, ya isa, a bar maganar nan." Na san dalilin da ya sa yake so a bar ta. Shi ma yana kan kujera a daren. Uwa ba ta son tona ɗanta, kuma shekarun nan duka shi nake karewa da shiruna. Amma shirun nan mijina ne yake biyan kuɗinsa, shi kuma ba ya nan balle ya ce bai yarda ba.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau, me zai gani? Ba zai gane hanyar gida ba. An rushe layinmu, benen da soron da tankin duk sun tafi, ni ina unguwar Waziriyya a ɗaki ɗaya wajen 'yata. Ba a taruwa a soro kuma, kowane yaro da wasansa a tafin hannu, yana ihu shi kaɗai kamar mai aljanu. An ce mini ko rukunin nan na huɗu-huɗu an daina, an zuba su duka a layi ɗaya, da sai ya nemi buhun dabino kafin ya yi mini bayani. 'Yan wasan da yake kwana kallo daga nesa, wasu irinsu yanzu a ƙasar nan suke bugawa, da na san sai ya sayar da injin waldarsa ya je ya gan su. Mata ma suna shiga filin wasa, jikata ta je da ƙawayenta ta dawo murya a dishe. Na yi mata murna. Amma da ta fita sai na yi kuka, don ni a zamanina ƙofa ɗaya ce tsakanina da mijina, kuma ba a ga na isa a buɗe mini ita ba.

Ko zai ci gaba da son ƙwallo? Ina jin zai ci gaba. Ba na yi masa ƙarya don ya mutu. Mutum ne mai son a yi da shi, shi ya sa duk lokacin da suka ce ya tashi yake tashi. Wataƙila da shi ne ma zai fara cewa a yafe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni aka bari a ɗakin.

Cikin azumin da ya wuce Alhaji Sale ya zo. Ya tsufa, ciwon suga ya ci masa ƙafa, ɗansa ne ya riƙo shi. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, tafiya ta matso. Ki yafe mini."

Na ce, "Daren na yafe, Alhaji, ba ka san zai mutu ba. Labarin fa? Shi da saninka ka ƙera shi. Ka tara mutanen ka gaya musu yadda aka yi."

Ya ce, "Wa zan tara? Wasu suna Khumra, wasu sun koma Damagaram, wasu Kano, wasu suna ƙarƙashin ƙasa. Unguwar ma babu ita."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Mutanen sun watse, kowa ya tafi da ƙaryar a aljihunsa ya shuka ta inda ya sauka. Ya tashi ya tafi da rabin yafiya, ban kuma sake ganinsa ba. Shi ya sa na nemi a kai maganata jarida, ko ta riski waɗanda ƙafata ba za ta kai gare su ba. Na gaya wa Yasir kafin in fara. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, ya dai kwana biyu bai zo gaishe ni ba. Na ɗauki wannan ma.

Ku da kuke saman soron a daren, duk inda kuke, kun san ba kabbara ya yi ya faɗi ba. Ya ce muku ƙirjinsa, kuka ce ƙwallo. Ya mutu shi kaɗai, taku kaɗan daga bayanku, bai san ko ƙungiyarsa ta wuce ko ba ta wuce ba. Ku da kuka ji labarin a bakin wani kuka yi dariya, ban riƙe ku ba, amma daga yau kun ji.

Idan na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Ƙofofin da ya ƙera sun tafi tare da gidajen. Kabarinsa ba alama, yadda ake yi a ƙasar nan, ko ni ba zan iya nuna shi ba. Akwai 'ya'ya huɗu da ba su taɓa kwana da yunwa ba yana raye, akwai jikoki da ba su san muryarsa ba. Sai suna, shi ne kuma aka ɓata. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, kunya irin ta mutanenmu ba ta bari. Yau na ce wa Malama Rabi ta gyara alƙalaminta ta rubuta shi da kyau, don duk mai yi masa addu'a ya san wa yake yi wa. Sunansa Haruna, mai walda. Allah ya jiƙansa, ya sa inda ya je an waiwaye shi.