Basillar Jantien

A da, shanu arba'in ne ke kwana a babban ɗakin nan na bayan gidan Jantien Hoving, a ƙauyenmu da ke lardin Drenthe. Da gwiwoyin mijinta Roelof suka gaza aka sayar da shanun, sai karafan suka gaje wurin, wato ɗakunan nan masu taya biyu da mutanenmu ke ɗaura wa mota su ja zuwa hutu. Daga Oktoba zuwa Afrilu suna jere a inda shanu suke tsayawa. Jantien takan ce ita ba ta ga wani bambanci ba: waɗannan ma sai ka duba ƙafa, ka shinshina, ka gane wadda ba ta da lafiya.

Ajiya kawai aka kawo mata, babu wanda ya naɗa ta mai bincike. Amma ba karafan ɗin da ke fita daga ɗakin nan sai ta sha basilla. Tsohuwar basillar ɗinkin buhun dankali ce, Roelof ya yi mata ƙota ta itace. Jantien takan durƙusa a kowace kusurwa ta soka ta a daɓen katako. In katakon ya ƙi, a sauka lafiya. In basilla ta shige, sai ta ɗauko jan allin da suke shafa wa saniyar da za a kai wa mahauci, ta ja layi a wuyan karafan ɗin, wato ƙarfen gaba da ake ɗaura wa mota.

Tana da dalili. Ruwa yakan shiga ta robar taga, ya bi cikin bango a ɓoye, ya taru a daɓe, kuma daɓen nan shi ke riƙe da ɗakin a kan ƙarfen da tayoyi suke. Wata shekara, a hanyarsu ta zuwa Faransa, ita da Roelof sun wuce wata karafan da iskar babbar mota ta raba ta da tayoyinta. Tukwane, katifa, takalman yara, duk a kan kwalta. Abin bai taɓa fita daga ranta ba.

Mutanenmu kuwa sai a hankali. Mutum zai wanke karafan har kana ganin fuskarka a jiki, ya loda buhun dankali da cuku a can ƙarshen baya kamar a Faransa ba a cin abinci, sannan ya yi mamaki don ta riƙa kaɗa wutsiya a hanya. Taya ta shekara goma sha biyu, duk ta tsattsage, ya ce ai zanenta bai goge ba. Jantien takan ba kowa kofi da biskit ɗaya, sannan ta gaya masa gaskiya ba gishiri.

Maƙwabcinta Harm, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya, ya sha jan alli bana.

"Haba maƙwabciya!" in ji shi. "Shekara ashirin ina jan abar nan, ko tari ba ta taɓa yi ba."

"Sa yatsanka nan."

Ya sa. Yatsa ya fito da baƙin gari mai damshi.

"To, na ji," ya ce, yana goge hannu a wando. "Amma ke Sarauniyar Basilla, waccan ta lungu fa? Yaushe rabon da ta sha allura? Ko ita 'yar gata ce?"

Jantien ta ce kofinsa zai huce.

Waccan ta lungu tata ce, ita da Roelof. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma tun ranar karafan ɗin ba ta fita ba. Kowace bazara Jantien takan buɗe ta, ta wanke labule, ta zauna a gefen gadon da yake kwana ta sha kofi. Hularsa tana nan a rataye. Shekara uku da suka wuce, tana buɗe ƙofa hancinta ya gaya mata abin da yake gaya mata a karafan ɗin mutane. Sai ta zuba garin kofi a faranti ta ajiye a ƙarƙashin gado, ta ce wa kanta warin daɗewa a rufe ne. Matar da ta soke daɓen rabin ƙauye ba ta taɓa shiga nan da basilla a aljihu ba. Tsoro take ji, ba wani abu ba.

Ana nan sai 'yarta Femke ta bugo waya daga birnin Zwolle.

"Mama, ki ba mu karafan ɗin Baba mana. So nake in kai 'yan matana bakin kogin nan da kuke kai ni. Su kwana a gadon sama, yadda na kwana."

Daɗi ya rufe Jantien, ta ce to kafin ta yi tunani.

Mako uku ta yi tana shiri. Ta sa aka canza tayoyi. Ta canza robar gas, aka gyara birki, aka gwada fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora wuyan karafan ɗin a kan sikelin awon nauyin mutum da guntun sandar tsintsiya, ta auna nauyinsa har sau biyu. Duk abin da ake dubawa ta duba, ban da abu ɗaya, kuma ta sani.

Ranar tafiya da safe ta shiga shimfiɗa zanin gado. Da ta ɗaga katifar sama, sai ta ji yadda 'yan matan za su yi ta faɗa a kan wa zai kwana ta bango. Daga nan tunaninta ya tafi kan babbar hanya, da manyan motoci, da takalman nan a kan kwalta. Ta ajiye zanin. Ta tafi kicin ta ɗauko basilla.

Kusurwar ƙofa ta ƙi. Ta wajen murhu ma ta ƙi, har Jantien ta fara sakin numfashi. Ta janye farantin garin kofi, ta durƙusa ta wajen da Roelof ke sa kai. Ko dannawa ba ta yi ba. Basilla ta shige har ƙota.

Ta daɗe a durƙushe. Ta yi kuka, kaɗan, irin na wadda ke da aiki a gabanta.

Ƙarfe goma motar Femke ta shigo, an ɗaura kekuna a sama, 'yan mata suna waƙa a baya. Femke ta fito da murna, ta doshi ɗakin shanu, sai ta tsaya cak. Ta girma a gidan nan, ta san ma'anar jan layi a wuyan karafan.

"Mama, wa ya yi wannan?"

"Wa ke da alli a gidan nan?"

Femke ta shiga ta ga basillar a tsaye a daɓe, ta ga farantin kofi a gefe. Ta fito a hankali.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara uku."

"Kuma kika ce mini to?"

"Na ce. Na so babanki ya sake zuwa kogin nan ne, ko da hularsa ce kawai." Ta share hanci da bayan hannu. "Akwai tanti a ma'ajiyar saman ɗaki, yana da kyau. Je ki sauko da shi."

Harm ya leƙo ta kan shinge, da ganin bakinsa ya zo da tsokana. Ya ga jan layin, ya dubi Jantien. Sai ya zagayo ya kama wa Femke tsani.

Da suka gama lodi, Jantien ta koma ciki ta ciro hular daga inda take rataye. Ta buɗe ƙofar motar ta ɗora ta a kan jakunkuna, can sama, inda ba abin da zai danne ta.

"Kada ku wuce gudun kilomita tamanin," ta ce wa Femke.

"Mama, tamanin ai na masu jan karafan ne, mu ba mu ja komai ba."

"Na sani. Kada dai ku wuce."